Kwabban Rufin Inna Kulu

Kuna ta nuna mini hotuna a waya, wai ga tsohon kwabo guda an sayar da shi kuɗin sayen mota a ƙasar Turawa, saboda haka kun gano sana'ar da babu gumi a cikinta: a zauna a inuwa, a saya da araha, a sayar da tsada. To, madalla. Ni ma haka na ɗauka lokacin da nake da gashi a ka. Na haura shekara arba'in a wannan rumfa ta kasuwar Birnin Kudu, kuma motar da na mallaka ita ce waccan da kuka jingina da ita, mai ƙafa biyu, wadda sai an tura take tashi. Sunana Isa, amma in kuka tambayi Isa a garin nan za a ce muku wanne. Ku ce Isa Anini. Anini shi ne mafi ƙanƙantar kuɗin da Bature ya kawo, sai an tara goma ake samun kwabo, kuma wanda ya laƙaba mini sunan ya dubi tsawona ne, ya kuma hango arzikina. Ku gyara zama, ku sa wayoyin a aljihu.

Wanda ya laƙaba mini shi ne maigidana, Baba Sambo, Allah ya jiƙansa. Bayan an canja kuɗi daga fam zuwa naira, shi ne yake bin ƙauyuka yana sayen tsofaffin. Na azurfa ya kai wa maƙera, kwabbai kuma ya kai wa wani Alhaji a Kano mai aika su ƙasashen waje. Aikina na farko a wurinsa gadi ne. Ya bar ni da gwangwani cike da kwabban da ya yi wata biyu yana tarawa, ya tafi gaisuwar mutuwa Wurno. Na buɗe, na gan su baƙi ƙirin, wasu har da kore a jikinsu, na ce haba, dattijo da ƙazanta haka. Na jiƙa tsamiya, na ɗebo toka, na zauna na dirje su tas yadda innata take dirje awarwaronta. Na jera su a tabarma suna walƙiya, na harɗe ina jiran yabo. Da ya dawo ya daɗe a tsaye yana kallonsu.

Ya ce, "Isa, wa ya aike ka?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Na ga sun yi dauɗa ne."

Ya ce, "Shekara da shekaru ƙasa ta yi tana ɗinka musu riga, kai ka tuɓe su a yini guda."

Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Sai ya ɗora mini gwangwanin ya ce in kai Kano da kaina, in ji da kunnena abin da Alhaji zai taya. Na ji kuwa. Tun daga ranar na san wannan baƙin da ke jikin tsohon jan ƙarfe shi ake saya, kuma ban ƙara shan kunun tsamiya da daɗin rai ba sai da na yi aure.

Kayan aikin ga su nan a gabanku, duka ba su cika aljihu biyu ba. Wannan gilashin na masu gyaran agogo ne, ana matse shi a ido ɗaya, shi ya karkatar mini da fuska, ba mugun hali ba ne. Wannan baƙin abin maganaɗisu ne da na ciro daga cikin tsohuwar rediyo. Jan ƙarfe na gaskiya ba ya kula shi, in kuwa kwabo ya yi tsalle ya manne, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka da ja. Ga ɗan sikeli irin na masu zinariya. Ga ƙayar aduwa ta sakace ƙasa daga cikin rubutu, don allura karta take yi. Ga auduga. Wannan dutsen mai santsi kuma Baba Sambo ne ya tsinto shi a bakin kogi, ana sakin kwabo a kansa a kasa kunne. Lafiyayye amonsa yana da tsawo, wanda ya tsage ko aka yi masa ciko sai ya ce ƙwas ya yi shiru. Shekara uku na yi ina gyaɗa wa Baba Sambo kai wai na ji bambancin, a ta huɗu na fara ji.

Wani manomi daga Maruta ya taɓa kawo mini kwabo guda da garmarsa ta tono a kufai. Ya naɗe shi a tsumma uku, kafin ya kwance sai da ya waiga hagu da dama. Ya ce ja ne, kuma ja ai shi ne na asali. Kowa haka yake cewa, alhali farin kwabo ya girmi ja, jan ya zo ne dab da Bature zai tattara nasa ya nasa. Kuma tsufa kaɗai ba ya sa kwabo tsada. Sai an dubi shekarar da aka buga shi, don wata shekarar an buga kamar ƙasa, wata kuwa kaɗan aka buga. Sai an nemo wani ɗan harafi da bai kai ƙwayar gero ba, mai nuna gidan da aka buga shi. A dubi kambin da ke saman hujin ko hannun mutane ya cinye shi, a juya a dubi tauraron nan mai tsini shida ko tsininsa na nan, sannan hujin tsakiya ya kasance yadda aka yi shi, ba a yage ba. Na mutumin Maruta gama-gari ne, ina da irinsa cikin gwangwani. Na faɗa masa kuɗinsa. Ya mayar da shi cikin tsumma uku, ya ce da ya san abin da zan ce ke nan da bai bar huɗa ya taho ba. Na saya masa fura, ya sha, ya tafi bai yi mini sallama ba. Rabin sana'ar nan ke nan, ka gaya wa mutum dukiyar da ya kwana yana mafarki ba ta wuce kuɗin burodi ba, kuma ku rabu bai ambaci iyayenka ba.

Sauran rabin zaman zaure ne. Kwabo mai kyau a hannun tsofaffin mata yake, a ƙasan adudu, tare da tsakiyar wuyan da aka yi musu aure da ita. Wata ta ajiye shi ne don ɗaure wa jariri a cibiya, wata don na farkon suna da rubutun Larabci ta ɗauka abin tsari ne, matan Fulani kuma a kitso suke sa shi. Ba ka isa ka yi sallama ka ce kwabo ka zo saya ba. Za ka sha ruwa, ka tambayi jiki, ka tambayi jikoki da sunansu ɗaya bayan ɗaya, ka saurari labarin ciwon gwiwa daga farkonsa. Wani gidan sai a zuwa na uku za a fito maka da adudun, a buɗe, ka tarar da maɓalli.

Yanzu sai muguwar shekara, wadda mu 'yan sana'ar muke kira shekarar shinkafa. Wasu mutane ne suka zo a mota mai baƙin gilashi suka sauka a tasha. Suka shimfiɗa farin ƙyalle, suka ajiye ƙwayar shinkafa, suka matso da jan kwabo mai huji, sai ga shinkafa tana bin kwabo. Suka ce cikin jajayen kwabbai akwai masu wani sinadari da Turawa suke nema don jirgin sama, wanda ya dace da guda ya gama da talauci har jikokinsa. Daga baya aka gane tsinin allura suke cusawa a shinkafar, maganaɗisu kuma yana ƙarƙashin ƙyallen. Amma kafin a gane, kowane jan kwabo ya wuce kuɗin tiyar gero, ya doshi kuɗin akuya. Wanzami ya zama dillalin kwabo, mahauci ya zama dillalin kwabo, wannan ya saya ya sayar wa wancan, kowa ya san wani da ya san wani da aka ba miliyoyi.

Ni da nake yawo da maganaɗisu a aljihu, ni da na san jan ƙarfe ba ya jan ko ƙura, na ce wa mai ɗakina Maimuna ƙarya ce tsagwaronta. Na faɗa da safe, na maimaita da rana. Kafin sati ya zagayo ta fito ta same ni durƙushe a tsakar gida, na zuba shinkafarta a tire ina zagaya ta da kwabo.

Ta ce, "Malam, in ta gama bin ka a dawo mini da ita, tuwo zan yi."

Na sayar da raguna biyu da nake kiwo na zuba kuɗin a ciki. Na saya, na sayar, na sake saya da tsada. Cikin wata guda an share ƙauyuka, daga Wurno har Gwaram babu adudun da ba a zazzage ba. Na yini ina yawo in dawo hannu rabbana, ga shi kowa yana cewa gobe farashi zai ninka.

Ƙarshen bazara ne, zafi kamar ya dafa mutum, ina dawowa daga Gwaram ta Kwandiko sai sarƙar babur ɗina ta zame a ƙofar wani gida na bakin gari. Na tsuguna na mayar da ita, na miƙe ina dafe da ƙugu, idona ya faɗa kan rufin wani ɗan gajeren ɗaki. Tsohon kwano ne, ya yi ja don tsatsa, amma a ƙarƙashin kowace ƙusa akwai wani abu zagayayye, a jere layi-layi. Kwabbai ne masu huji. Ku ba ku san wannan ba. Da aka canja kuɗi, kwabo mai huji ya tashi daga aiki, sai kafintoci suka riƙa zura ƙusa a hujinsa suna kafa kwano da shi, ya zama washa, don kada iska ta fizge kwanon ta kan ƙusa, kada kuma ruwa ya bi ƙusar ya sauka ɗaki. Duk garin ana tonon ƙasa, ni kaɗai Allah ya nuna wa sama. Haka na gaya wa kaina.

Na yi sallama. Wata tsohuwa ta fito da ruwa a moɗa, Inna Kulu sunanta. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana can kudu yana nema, ita kaɗai ce a gidan, tana noma 'yar gonarta ta bayan katanga. Rumbunta ya rushe a daminar bara, saboda haka irin da za ta shuka bana, buhun gyaɗa da na gero, yana cikin wannan ɗakin da take kwana. Duk ita ta gaya mini, ni kuwa ina amsawa da "Allah sarki" idona yana kan rufi.

Na ce, "Inna, wa ya yi miki rufin nan?"

Ta ce, "Marigayi mai gidan. Kafinta ne. Tun da ya kafa shi ban taɓa tara ƙwarya a ɗakin nan ba."

Na ce ai ƙusoshin sun tsufa, yanzu akwai sababbi masu hula da roba, zan canja mata su kyauta, in ƙara mata da turmin atamfa da sukari. Ta tambayi abin da zan yi da tsofaffin. Na ce sana'ata ce, tara su nake yi, kuma wannan ba ƙarya ba ce, sai dai ita ma ba ta cika gaskiya ba.

Ta ce, "Ɗan nan, damina ta ƙarato, kuma irina yana ciki. In ya jiƙe ba ni da wani. In dai ba zai zuba ba, bismilla."

Na dafa ƙirji na ce, "Ko ɗigo, Inna."

Na nemo kafintan garin, Ado, mutum mai ƙarancin magana. Ya kafa tsani ya hau, ya ɗaga kwabo guda, ya leƙa, ya mayar, ya sauko yana karkaɗe hannu.

Ya ce, "Malam Isa, ka bar rufin nan yadda ka gan shi. Jan ƙarfe yana cin kwano. Ƙarƙashin kowane kwabo rami ne da ya kusa faɗinsa. Kwabon ne ya ci, kwabon ne kuma ya rufe. In ka cire shi, hular ƙusarka wucewa za ta yi."

Na ɗauka kaso yake nema. Na ja shi gefe na yi masa tayi. Ya dube ni ya ce shi dai ba ya hawa, tsani kuwa in ina so ga shi nan aro. To, ni da ban taɓa kafa ƙusar rataye riga ta tsaya daidai ba, na ari tsani da hama na hau. Na yayyanka tsohon tub ɗin keke murabba'i-murabba'i don in ƙara wa ƙusoshin faɗi. Kwana biyu na yi a kan rufin nan ina ƙonewa. Duk kwabon da na ɗaga sai in ga abin da Ado ya faɗa, rami ne har ina hango buhunan Inna Kulu a ƙasa. Na gani da idona, ba zan ce muku ban gani ba. Sai in ɗora roba in buga ƙusa, in ce wa zuciyata ai roba ba ta tsatsa. Na sauko da jaka mai nauyi, na miƙa atamfa da sukari, tsohuwa tana ta sa mini albarka.

Washegari ina Kano. Alhaji ya zazzage jakar a kan tebur, ko gilashinsa bai ɗauka ba. A nan ni ma na dube su da idon sana'a a karon farko. Kowanne hama ta lotsa shi ya yi kwarmi kamar cokali, ƙusa ta yage hujin, sama kore, ƙasa tsatsar kwano ta manne.

Ya ce, "Malam Isa, yaron Baba Sambo ne ya kawo mini wannan? Ai waɗannan sun daɗe da daina zama kuɗi."

Na ce to masu shinkafa fa, su ai ba ruwansu da kyau.

Ya ce, "Masu shinkafa yau kwanansu biyar da ɓacewa. Yanzu ko kyauta ka miƙa wa mutum jan kwabo sai ya zage ka. Ni kaina na rufe saye sai ƙura ta lafa."

Kunya ta hana ni komawa da su gida. Na shiga layin maƙera na sayar wa wani a kan sikeli, ina tsaye ya juye su a tukunyar narka ƙarfe, zai yi zobba da su. Abin da ya ba ni ya biya kuɗin mota, na sayi dafaffen rogo da canjin. Garin neman gira na rasa ido, na koma Birnin Kudu na kwanta wai zazzaɓi nake yi.

A rana ta huɗu da hantsi aka yi sallama da ni. Na fito na tarar da Ado Kafinta a ƙofar gida, ya biyo motar safe.

Ya ce, "Jiya da yamma iska ta taso. Ba ruwa, iska ce kawai. Ta yaye falle uku, sauran suna rawa. Mun ɗora duwatsu da turmi. Hadari yana nan a gabas, in bai sauka yau ba, gobe."

Na ce, "Inna Kulu fa?"

Ya ce, "Ta lulluɓe buhunanta da tabarmar kwanciyarta. Ta ce a gaya maka kai ka ce ko ɗigo."

Na tambayi kuɗin sabon kwano, ya faɗa, na ce ba ni da shi, don raguna sun tafi kuma ba su bar saƙo ba. Ya ce ko da kuɗin ma ba a fafe gora ranar tafiya, mafita ɗaya ce, in mayar mata da kwabbanta yau. Dole na gaya masa suna can sun zama zobba. Na ce marfin kwalba fa? Ya ce ramin zai haɗiye shi. Na ce a yanka gwangwani? Ya ce iska lanƙwasa shi za ta yi, kuma kafin mu yanka mu huda ruwa ya gama aikinsa. Ya ce abin da ake so mai faɗin kwabo ne, mai kaurin kwabo, mai huji a tsakiya, fiye da ɗari, kuma kafin la'asar.

Akwai abin da ban gaya muku ba. A ƙarƙashin gadona akwai babban gwangwanin madara. A ciki akwai abin da Baba Sambo ya bar mini, da zaɓaɓɓun da na yi shekara ashirin ina warewa, kowanne a naɗe da auduga da 'yar takarda da na rubuta inda na samo shi. Da su nake sa ran zuwa aikin Hajji. Ko a tsakiyar haukar shinkafa ban taɓa su ba, kuma kada ku ce hankali ne, jira nake farashi ya ƙara hawa. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Baƙin cikin da na ji ban ji irinsa ba tun rasuwar Baba Sambo. Na yi tunanin in fita in ce wa Ado ba ni da komai, don bai san da gwangwanin ba. Maimuna ce ta sani. Ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu.

Ta ce, "Malam, baƙonka yana tsaye, hadari kuma ba ya jiran mai tunani."

Na jawo gwangwanin, na goya Ado a babur, muka kama hanyar Kwandiko.

Mun isa bayan azahar, gabas ta yi baƙi. Rufin yana nan da duwatsu a kai da turmi a kife, fallen da iska ta yaye an jingine su a katanga. Inna Kulu tana zaune a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa cikakkiyar gaisuwa, har ta tambayi mutanen gida. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Ɗan nan, ina na marigayin?"

Na ce, "An narka su, Inna. Ni na kai aka narka."

Ta juya ta dubi rufin. Sannan ta ce, "Ranar da ya kafa su ni nake miƙa masa daga ƙwarya, ina goye da yaron nan."

Ta miƙo hannu na ba ta gwangwanin. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya, ta zauna tana warware audugar tana yarwa, iska tana kwashe 'yan takarduna tana kai su gona. Tana jefa kwabban a ƙwarya suna karo da juna, kowace ƙara ina jin ta a haƙorina, amma ban isa in ce a yi a hankali ba. Ado ya ɗauki hama ya sa ƙafa a tsani.

Ta ce, "A'a, Ado. Kai ka danne masa kwanon ka nuna masa wuri. Wanda ya cire shi zai mayar."

Muka hau mu biyu. Ɗakin gajere ne, tana tsaye a ƙasa tana miƙo wa Ado ɗaya-ɗaya, shi kuma ya miƙo mini. Na farkon da ya zo hannuna na san shi, na wata Bafulatana ce a bayan Wurno, sau uku na je kafin ta kwance shi daga kitsonta. Na juya shi ina duban tauraron, tsininsa shida duka garau.

Ado ya ce, "Malam Isa, ƙusa ake jira, ba tarihi ba."

Na zura ƙusa, na rufe ido na kai duka, na sami babban yatsana. A na biyu na sami ƙusar, na ji kwabon ya lotsa a ƙarƙashin hama. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na yi ta bugawa, gumi yana shiga mini ido, ko kuma dai na ce gumi ne. Bayan layi biyu hannuna ya saba, har Ado ya daina gyara mini. Iska ta fara kaɗawa da sanyi, ana jin ƙamshin ƙasa daga nesa, maƙwabta suna ta kora awaki gida.

A layi na ƙarshe wani ya zo hannuna da ya sa na tsaya cak. Na Baba Sambo ne, mai wani ɗan harafi da sau biyu kacal na taɓa gani a rayuwata, shi kaɗai ya fi rabin gwangwanin daraja. Ado ya juya yana jawo kwano, na sulale da shi cikin aljihu, na miƙa hannu aka ba ni wani. Na ce a raina ai guda ɗaya ba ya hana rufi tsayawa. Muka ci gaba har muka iso kusurwar ƙarshe, rami guda ya rage, kuma ta cikinsa ina hango bakin buhun gyaɗar daidai ƙasansa. Ado ya leƙa ƙasa ya miƙa hannu. Inna Kulu ta kife ƙwaryar ta nuna masa babu.

Ta ce, "Ƙwarya ta ƙare, ɗan nan. Duba aljihunka na hagu."

Tsohuwar da sai an zura mata zare a allura, ashe ta ga hannuna. Ado ya miƙo mini ƙusa. Na ciro kwabon, ban ko dube shi ba, na ɗora a kan ramin na buga. Ina sauko da ƙafata daga tsani ɗigon farko ya faɗo mini a ƙeya.

Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya. Mu uku muka fake a ɗakin, ni da Ado a tsugune a bakin ƙofa, kwano yana ƙara har ba ma jin juna. Inna Kulu ta bi ɗakin kusurwa-kusurwa tana shafa bango, tana shafa ƙasa, tana ɗaga tafin hannu sama. Ni kuma ina bin ta da ido, tsoro ya cika ni, don in ya zuba ba ni da sauran abin da zan kafa. Ta yaye tabarmar, ta kwance bakin buhun gyaɗa, ta nutsa hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo ta murza, ta kai hanci. Ta yi haka da na geron. Sannan ta ɗaure su ta zauna a kai, ta ɗaga kai ta daɗe tana duban rufin.

Da ruwan ya ɗan tsagaita ta ce, "Na marigayi sun fi naka kauri. Amma za su yi."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ce gobe da sassafe za ta yi shuka, ƙasa ta sha. Na tashi na yi mata sallama, na jawo babur ina turawa cikin taɓo. Ta rako ni har bakin zaure, ta miƙo mini gwangwanina, babu komai a ciki.

Ta ce, "Ka riƙa zuwa muna gaisawa, ɗan nan. Amma in ka shigo gidana, ka riƙa duban ƙasa."